Sati Huɗun da Aka Yanke Mana a Sashen Yara

Zuwa ga Shugaban Tsangayar Koyon Aikin Likita,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, ina gaisuwa da fatan alheri. Ni tsohon ɗalibinka ne daga Ƙetare, bana na kammala. Na daɗe ina juya wannan magana don tsoron kada a ɗauke ta rashin kunya. Sau biyu na kai takarda ofishinka ba amsa, shi ya sa na fito fili.

Na farko: tsarin karatunmu ya ce kowane rukuni zai yi sati takwas a sashen yara. Rukuninmu huɗu muka yi, saboda an matse zango. Littafin da likitoci suka sa mana hannu yana wurina.

Na biyu: sati huɗun nan a tsakiyar rani suka faɗo. Duk wanda ya tashi a ƙauyukanmu ya san sai damina ta yi nisa, rumbu ya yi ƙasa, sauro ya yi yawa, ɗakin yara ke cika da masu tamowa da zazzaɓi mai tsanani. Mu a littafi muka gan su. Rukunin damina kuwa da hannunsu suka auna su, suka ba su madara.

Na uku: ranar jarrabawar gaban gado, yarinya mai tamowa da gudawa aka ajiye mana. Da ƙyar na haye. Abokiyar karatuna Hafsatu, 'yar Mairuwa, wadda ba ta taɓa faɗuwa ba cikin shekara shida, ta ce a ɗaura wa yarinyar ruwa da sauri. Kuskure ne, zuciyar mai tamowa ba ta ɗaukar haka. Malamin da ya kayar da Hafsatu ya yi daidai. Amma yaushe aka nuna mata?

Yanzu an sa mata ranar sake jarrabawa ba tare da an mayar da ita ɗakin yara ba. In ta sake faɗuwa, shekara guda za ta maimaita.

Ba maki nake roƙar mata ba, Farfesa. A ba ta, da sauran da suka faɗi a rukuninmu, sati huɗunsu kafin ranar. Nan gaba kuma a tsara yadda kowane rukuni zai taɓa damina.

Sati biyar ya rage a sake jarrabawar, gadajen kuma sun fara cika. In aka sa hannu wannan makon, za su samu.

Allah Ya ƙara maka lafiya, Ya yi maka jagora.

Wassalam.

Ɗalibinka,
Nura Ƙetare