Butar da Juhar ta Binne

Lagwat, 14 ga Maris

Zuwa ga ɗana Buzid,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya kai da iyali a can Marsiliya, Allah ya ƙara muku lafiya da buɗi. Mu nan ƙalau muke, ƙafar mahaifiyarka ma ta yi sauƙi.

Albishirinka! An tabbatar wa 'yarka Juhar da aikinta na duba bututun gas a Hasi Ramal. Da kaina na karanta takardar, har sau uku, karatun yamma da furfura bai tafi a banza ba. Amma saura ƙiris aikin ya kuɓuce mata, kuma a kan shayi.

A watanta na ƙarshe na gwaji aka tura ta ta auna kaurin wani tsohon bututu da ake zargin tsatsa ta ci. Ta tarar an tone rami, shugaban ma'aikata, Baba Lahdar, ya hura gawayi a bakin ramin ya ɗora buta. Doka kuwa ta ce ba wuta, ba shiga rami, sai an gwada iskar wurin da na'ura. Ta roƙe shi ya kashe. Ya yi dariya, ya ce shekara talatin hancinsa ne na'urarsa, 'yar boko ta zauna ta sha. Ta ce masa gas ɗin babban bututu ba ya wari. Sai ya miƙa mata kofi. Ka san ba a mayar wa dattijo kofinsa. Juhar ta mayar, ta ɗebo yashi ta binne wutar har da butar.

Lahdar ya rantse sai ya kai ƙararta, alhali da shaidarsa za a tabbatar da ita. Ta ce ya kai, amma kowa ya ja baya tukuna. Tana kai na'urar bakin rami, sai na'urar ta kama ƙara. Da aka rufe gas aka duba, tsatsa ta cinye ƙasan bututun, ƙarfen ya koma kamar ɓawon albasa, har ya huje. Mutum tara ne a wurin, Buzid.

Ranar Juma'a, Juhar tana nan, sai ga Lahdar a gidana da sukari da dabino. Ya ce, "Alhaji, jikar nan taka ba ta da kunya, ta binne mini buta. Amma da ta ji kunyata, da mu aka binne." Na ce masa amaryata ce, a wurina ta gado taurin kai. Da hannunsa ya haɗa shayi, kofin farko ya miƙa mata. Wannan karon ta karɓa.

Ka gaida matarka Zulaiha, da Rabah, da 'yar auta Hadda.

Mahaifinka mai yi muku addu'a,
Bilkasim