Na Rufe Baki Wajen Rantsuwa, An Ce Ba Ni da Ƙasa

Gwaggo Ruƙayya,

Don girman Allah ki agaza mini kafin bikin ranar jamhuriya ya zo, don in ya iske ni a haka ban san inda zan sa kaina ba. Ki yi haƙuri da rubutuna, lakwal ɗina bai yi nisa ba, ina aji uku gona ta kira ni.

Ni ɗan kabu-kabu ne a Tibiri, mai ɗaukar fasinja bisa babur, asalina wani ƙauye kusa da Dumega. Moton da nake tuƙi ba nawa ba ne, na Alhaji Is'haƙa ne, parsidan na ƙungiyarmu, kuma rabin 'yan tasharmu nashi suke tuƙawa. Da moton ga nake ci da innata da matata, ga ta da tsohon ciki.

Tun da zancen kishin ƙasa ya yi zafi, Alhaji ya kama shi hannu bibbiyu. Ya sa anka kafa sanda a tsakar tasha, ya sayo tuta babba, ya raba muna ƙanana mu ɗaura bisa moto. Shi kuwa ƙyalle mai ruwan goro da fari da tsanwa ba ya barin wuyanshi, ko gaisuwar mutuwa za shi. Wannan duk ban ƙi ba, daɗi ma na ji. Sai wata safiya ya zo da rantsuwar da ya tsara da kanshi, ya ce kullum kafin a ɗauki fasinja sai mun jeru, hannu bisa ƙirji, mun faɗe ta.

Da wallahi tallahi take farawa. Mu rantse muna son Nijar fiye da rayukanmu, mu rantse in maƙiyi ya taso ba mu gudu. Sannan mu rantse ko tsabar gero guda ta ƙasar ga ba ta ƙetare iyaka da hannunmu, tunda an hana fitar da hatsi waje. A ƙarshe mu ce in munka saɓa, kada Allah ya bar mu.

To Gwaggo, ta farko ban san da wace tiya ake auna ta ba, ta biyu ba a gwada ni ba tukuna. Ta geron ce ta hana ni sakat. Ana gama cewa amin, Abdussalamu sakataren ƙungiya sai ya juyo, muryarshi duk ta dushe don ihu, ya hau kiran waɗanda za su kai buhunnan Alhaji kasuwar ƙetare ta hanyar daji. Ni ma ina cikin masu kaiwa, ba na ɓoye miki. In munka kusa iyaka sai mu tsaya gindin wata tsamiya, kowa ya kwance 'yar tutarshi ya ninke ya sa aljihu. Akwai wani cikinmu mai ta Najeriya a ɗayan aljihun, ya ce shi ba ya son ɓata wa kowa rai.

Ni kuwa gidan da na tashi ba a wasa da rantsuwa. Innata mutuniyar wajen Lugu ce, inda dutsen Tunguma yake, wanda mutanen dauri ke kai wa shari'a in gaskiya ta ɓace musu. Tana sallarta tana azuminta, amma har gobe in yaro ya ce wallahi a kan ƙosai sai ta make mishi baki. Ta ce a zamaninsu namiji kan yi furfura bai rantse ba, kuma ranar da ta kama shi dole, tuwo ba ya wuce mishi maƙogwaro. Da na faɗa mata tamu, sai ta ce ko doguwa ba a kiranta kowace safiya a ce mata wasa ake, balle Mai Sama. Na ce mata ai yanzu damina ta wuce, babu ko ɗigon hadari. Ta ce aradu ba ta mantuwa, wata daminar na tafe.

Da farko dabara na yi. In anka zo wajen gero sai tari ya sarƙe ni. Kullum wuri guda nake tarin, har wani bawan Allah ya kawo mini citta da kanumfari. Na koma zuwa a makare, Alhaji ya ce a riƙa jirana. Na koma motsa leɓe ba murya, awa kifi a tasa. Nan Abdussalamu ya kama ni, don shi ke ɗaukar mu bidiyo shina turawa ta waya. Ya matso da wayar har bakina, garin duk ya ga ana rantsuwa ni ina tauna iska.

Tun ranar sunana ya koma apatirid. Sai da na tambaya anka ce mini wai marar ƙasa ke nan. Ni da anka binne cibiyata a bayan ɗakin kakata! Mai shayin tasha sai ya sallami kowa sannan ya tuna da ni. Wata tsohuwa da na saba kai wa kasuwa ta ce ba ta sake hawa moton ɗan Faransa, ni da ko Yamai ban san hanyoyinta ba.

Abin da ke ci mini rai, na san ina son ƙasar ga. Shekarar da na tafi cin rani Ikko ina turin baro, na hangi wata babbar mota mai lambar Nijar cike da albasa. Ban san sa'ad da na aje baron na bi ta da ƙafa ba, don kawai in ce wa direban ina kwana in ji ya amsa da bakin gida. In na biyo ta gaban ofishin perefe, shugaban gundumarmu, ana ɗaga tuta, kashe moto nake in tsaya ƙyam, ko fasinja na zagina. Masu kirana apatirid kuwa lungu suke bi don kada usur ɗin ɗaga tuta ya tsai da su.

Wani abin kuma, abokina Mus'ab mai shago, wanda ya tsaida sunna ya ɗage wando, da ya ga bidiyon sai ya zo har gida ya rungume ni. Ya kawo mini dabino da hula, ya ce Allah ya fid da ni daga shirka, tsayawa don ƙyalle ba aikin mumini ba ne. Yanzu in na wuce masallacinsu har hannu ake ɗaga mini. Na rasa yadda zan ce mishi ni tutar ba ta yi mini komai ba. Kuma Gwaggo, ƙananan tutocin nan na moto, a shagonshi Alhaji ya saro su. Da na tuna mishi, ya ce ciniki daban, aƙida daban.

Makon jiya Alhaji ya kira ni gida. Bai yi faɗa ba, don ba mugu ba ne, shi ya tsaya mini lokacin aurena. Ya ce ya samo maganin gulma. Ranar biki ƙungiya za ta yi jerin gwano gaban perefe da manyan gari, ni zan riƙe mikoro, abin ɗaga murya, in ja rantsuwar sauran su amsa, tunda Allah ya ba ni murya. In na yi, bakin kowa ya mutu. In na ƙi, in aje makullin moto, don ba ya riƙon mai kunyata shi. Na yi ta maza na tambaye shi zancen buhunna. Ya yi dariya, ya ce mutanen Kangiwa ai Arawa ne 'yan'uwanmu, Nasara ne ya ja layi tsakani, kai wa ɗan'uwa gero zumunci ne ba fitar da hatsi ba. Na ce to a cire wurin daga rantsuwar mana. Ya ce in rufa mishi asiri, wurin nan ne manya za su fi tafa wa.

Matata ta ce in buɗe baki in faɗa, Allah ya san na dole, jinjirin da ke tafe riga zai sa ba gaskiyata ba. Inna ta ce in na faɗa, ranar da hadari ya taso kada in fake a ɗakinta. Ni mai haƙuri ne, an zage ni na shanye, amma wanga ya fi ƙarfin haƙuri. Gwaggo, in karɓi mikoron ko in aje makulli?

Ɗanki,
Mai Tauna Iska, Tibiri

*

Ɗana Mai Tauna Iska,

Na sha dariya da na zo wajen mai tuta biyu, amma da na kai ƙarshen wasiƙarka dariyar ta tsaya. Kwantar da hankalinka. Wanda ya bi motar albasa da ƙafa a Ikko ba shi ne za a koya wa son gida ba.

Sai dai bari in ja maka kunne kafin in lallashe ka. Bakinka kaɗai ka tsare, buhun yana nan a bayan motonka. Tarin da ka yi ta yi bai rage ko tiya ɗaya daga geron da ke ƙetarewa ba. Bambancinka da abokan aikinka shi ne su suna faɗa ba sa ji, kai kana ji ba ka faɗa, amma gindin tsamiyar nan tare kuke tsayawa. Saboda haka kada ka tsaya kan mikoro da makulli. Tambayar ita ce rantsuwar za ka bari ko buhun.

Alhajinka ba ƙarya ya yi ba da ya ce mutanen ƙetare danginku ne, kuma manomi yana da hujjarsa in ya nemi inda hatsinsa zai yi daraja. Amma wanda doka ba ta yi masa daɗi ba, sai ya faɗa a inda ake faɗa, ba ya rantse da ita da safe ya taka ta da hantsi ba. Ka kuma tuna, ranar da aka tare ku a daji kai za a kama da kayan, ƙyallen wuyan Alhaji yana gida. Su kuma masu ihun, kada ka raina su duka. Mutane suna son abin da za su faɗa da baki ɗaya su ji su ɗaya ne, wannan ba laifi ba ne. Laifin shi ne jawo sunan Allah cikin abin da aka san kafin azahar za a karya shi. A nan innarka da malamai bakinsu ɗaya. Mus'ab kuwa, ka gaya masa gaskiyar dalilinka, kada ka ci gaba da cin dabinon da ba naka ba. Zancen tsayawa ga tuta ka kai wa malamin da ba ya sayar da ita.

Ga abin da za ka yi. Ka koma wajen Alhaji tun biki bai zo ba, a gidansa, ba a tasha ba, tare da wani dattijo da yake jin nauyinsa. Ka gode masa, ka ce ka karɓi mikoron. Sannan ka faɗa masa cikin ladabi cewa daga ranar da ka ja rantsuwar nan a gaban jama'a ba za ka ƙara ɗaukar buhu zuwa ƙetare ba, fasinjan gari kaɗai. Ka roƙe shi kuma a mayar da wallahin “na yi alkawari”, don tausayin sauran. Zancen rai da gudu babu wanda ya san kansa sai an gwada shi, ka faɗe su da niyyar gaskiya, ka nemi Allah ya ba ka ikon cikawa. Kada shaiɗan ya raya maka tona asirin kowa da mikoro a hannunka. Mutumin ya yi maka rana.

Ina kyautata zaton zai yarda. Murya yake nema a ranar, masu ɗaukar buhu yana da su da yawa, kuma da wuya ya kori wanda gari ya gani yana jan rantsuwa don kawai ya cika ta. Amma ban yi maka alkawari ba. Yana iya karɓe makullin. Don haka tun yau ka fara tambayar wani mai moto a asirce, ka kuma zaunar da matarka ka gaya mata samu zai ragu. Tsoronta gaskiya ne, kada ka amsa mata da wa'azi.

In Alhaji ya zaɓi makullinsa, ka miƙa masa da hannu biyu ka yi godiya, ƙarfinka yana jikinka. In ya zaɓi muryarka, ka buɗe ta har a ji a Dumega, don a filin nan za a sami mutum ɗaya da ke nufin abin da yake faɗa.

Allah ya sauki maiɗakinka lafiya, ya tsare ka a hanya. Ka gaishe mini da Inna.

Gwaggonka,
Ruƙayya