Hannun Maƙerin Bukhara

Assalamu alaikum, Baba.

Bayan gaisuwa mai yawa, da roƙon Allah ya ƙara haskaka makwancinka. Daga garin College Park na Amurka nake rubuto maka. Na gano garin, Baba. Bukhara ne!

Bari in bi a hankali, ka san ni da gaggawa. Ka rasu kana ganin karatun tarihin da ya kawo ni Amurka wahalar banza ce, likita ka so in zama. To, bara Farfesa, tsohuwar da ke duba aikina, ta aro wani akwatin kwabban jan ƙarfe daga wajen wani dattijo a garin Manassas. Na zamanin Mongol ne, mutanen nan da suka ci ƙasashen Musulmi na gabas. Babu sunan sarki a jikinsu, gefen da ake rubuta gari da shekara kuma duk ya cinye. Aikina in faɗi inda aka buga su da lokacin. In na kasa kafin ƙarshen zangon nan, akwati ya koma wa mai shi, karatuna na shekara uku ya bi ruwa.

Ranar farko na tafka abin kunya. Na ga wani kwabo ya yi kore shar, sai jinin gidanmu na maƙeran farfaru ya motsa. Na jiƙa tsamiya, na haɗa da toka, na dirje shi yadda muke yi wa mundaye a zaurenka in salla ta matso. Ya fito yana ƙyalli, ina ta washe baki. Farfesa ta kalle shi, ta nemi kujera ta zauna. Ashe a wajen masana tarihi koren nan shi ne darajar abin. Wata biyu ban taɓa akwatin ba sai tana tsaye a kaina. Na yi kuka a mota, kuma wallahi har haushinka na ji.

Na yi ta ɗaukar hoto, na yi ta leƙe da gilashin ƙara girma har idona ya yi ja, a banza. Sai wata safiya na tuna yadda kake yi in an kawo maka gyaran zobe. Ba ka ko kallonsa. Ka murza da babban yatsa, ka ce, "Aikin gidan Ɗanladi ne, hatiminsa ya tsage tun bara." In na yi dariya ka miƙo min, ka ce, "Rufe idonki, Uwani, ki taɓa."

Na rufe, Baba. A jikin wanda na dirje da tsamiya na fara jin wani siririn zare ya taso daga tsakiya zuwa baki. Na danna sauran a kakin zuma yadda ka koya min, sai ga zaren a guda tara. A wasu gajere ne, a wasu ya yi tsawo. Ashe da hatimi ɗaya aka buga su, shi ne yake ƙara tsagewa, mai shi ya ƙi yar da shi, kamar dai kai da tsohuwar gudumarka.

Yau muka je wani gidan tarihi a Washington da kakina a jaka. A aljihun tebur na huɗu na ci karo da ɗan'uwansu, tsagar nan sak, gefensa lafiya lau. Ga sunan Bukhara, ga shekara cikin ƙarni na bakwai bayan hijira, ba da daɗewa da cin garin ba. Farfesa ta rungume ni a gaban mutane, ta kuma ja min kunne kada in sake kusantar tsamiya.

Da ta tambayi inda na koyi wannan, sai na tuna laifin da na daɗe ina yi maka. Tun da na zo ƙasar nan, duk wanda ya tambayi sana'arka, ɗan kasuwa nake cewa. Kunya nake ji, Baba. Ka yafe min. Yau na ce mata ubana maƙeri ne.

Maƙerin Bukhara da ya buga kwabban bai sa sunansa ba, kai ma ba ka taɓa sa naka a jikin zobe ko ɗaya ba. Nasa ba zan iya samowa ba. Naka kuwa na riga na rubuta shi a shafin farko na kundin bincikena: Malam Sule Maƙeri.

Allah ya jiƙanka, ya sanyaya hannayen nan da wuta ta gasa, ya haɗa mu a Aljanna.

'Yarka mai gaggawa,
Uwani