Izinin Goge Layukan Malam Bahago

Kwarbai, Zariya.
12 ga Mayu, 1996.

Zuwa ga Hajo,

Bayan sallama da gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya kamar yadda muke nan ƙalau. Ya jikin Mariyamu, ya ruwan zafi? Ki gaida sabon angonki, ki ce masa kakansa na roƙo ya sako ki da wuri, don tun da kika tafi Jos wankan jego tuwon gidan nan ya daina gane ni. Wanda zai karanta miki wannan ya yi haƙuri da rubutun. Na ɗan aji huɗu ne, kuma ajin ma ta taga na bar shi.

Kin tambayi aikin 'yarmu Ummukulsum. Yana nan, amma da ƙafa ɗaya yake tsaye. Alhaji Garba mai makarantar Ƙofar Doka ya ce gwaji ne. Idan kwamfuta ta fitar da sakamakon jarrabawar ƙarshen shekara daidai, Ummu ta zauna. Idan ba haka ba zai kira wani kamfani daga Kaduna, ita kuma ta dawo gida ta taya ni sauraron rediyo.

Bari in gaya miki yadda ta bayyana mini, in ya karkace a hanya laifin direba ne. Wai kwamfuta ba ta san komai ba sai abin da aka rubuta mata layi-layi, shi ake kira firogiram. Na makarantar nan Malam Bahago ne ya rubuta shi, abokina na majalisar la'asar, tun ana Fom Wan zuwa Fom Faif. Da aka koma JS da SS aka yi masa ƙari. Da aka canja yadda ake haɗa maki aka sake ƙari. Mutum uku suka riƙe shi kafin Ummu, dukansu ɗaliban Malam ne, kuma babu wanda ya iya ɗaga hannu ya goge layin malaminsa. Sai dai mutum ya rubuta a samansa, in ka zo nan tsallake ka je can. A can ma wani ya rubuta, tsallake ka dawo. Yanzu in ta gyara makin 'yan JS biyu, sai Larabcin 'yan SS uku ya ɓace.

Har ma'auni gare su, Hajo. Ana ƙirga mararraba, wato duk inda aka ce idan kaza ne yi kaza. Sashe mai lafiya bai kamata ya wuce goma ba. Ta auna babban sashen Malam, ya haura ɗari biyu. Na ce ai wannan abin yabo ne, a makaranta mai ɗari biyu shi ke zuwa na ɗaya. Ba ta yi dariya ba. Halinki ta ɗauko.

Maganin, in ji ta, a warware shi ƙanana-ƙanana, a goge duk abin da ya mutu, amma sakamakon da yake bayarwa kada ya canja. Matsalar ita ce Malam malaminta ne ita ma, shi ya sama mata aikin, kuma duk Asabar yana leƙa ofis ya ga lafiyar abin da ya haifa. Alhaji Garba kuwa surukinsa ne, ya ce kada a taɓa layi ɗaya sai da izinin Malam. Ita ba za ta iya kallon idonsa ta nema ba. Saboda haka an naɗa ni ɗan aike. Na ce ta kwantar da hankalinta, duk tsawon masinjancina ban taɓa ɓatar da saƙo ba. Ban gaya mata dalilin ba, wato ban taɓa sanin abin da ke cikin ambulan ba.

Ki gaida surukinmu da mutanen gida.

Naki,
Dogara Aƙilu.

Kwarbai, Zariya.
9 ga Yuni, 1996.

Zuwa ga Hajo,

Ina gaisuwa, da fatan ke da mai jego da angon kuna lafiya. Wasiƙarki ta iso. Kwanon ɗakinki da kike tambaya yana zuba, amma na sa masa roba a ƙasa, kin ga an gyara ke nan.

Na kai saƙon. Ranar Juma'a bayan an sauko na sayi goro mai kyau na same shi a zaurensa. Muka gaisa, muka yi zancen damina, muka yi zancen tsadar taki, da ni da shi babu mai gona. Da na zo bakin maganar sai na ja da baya. Yaya zan ce wa mutum a zauren ubansa a goge aikinka? Sai na bi ta bayan gari. Na ce aikinsa kogi ne, yarinya kuma ba ta iya ruwa ba. Na ce ilminsa ya yi mata zurfi, tana shiga tana ɓata, ko barcin kirki ba ta yi. Ina jira ya ce to ta rage abin da ya yi mata yawa, kamar yadda kowane mai hankali zai gane.

Hajo, sai na ga idonsa ya kawo ruwa. Ya ce 'yata 'yarsa ce, kuma ya ji kunya da sai da na tako kafin ya tuna da ita. Ya raka ni har bakin hanya yana godiya.

Tun ranar Litinin ɗin nan kullum da safe yana ofis da filas ɗin shayinsa. Shi ke kan kujera, Ummu na tsaye a bayansa. Da yatsa ɗaya na hagu yake bugawa, kuma duk inda ya ga ɓaraka sai ya ƙara wani tsallake. Ta sake aunawa, an doshi ɗari uku. Da suka yi gwaji da makin zangon da ya wuce, ɗan Lawal mai nama ya zo na ɗaya kuma ya zo na ƙarshe a aji guda. Labari ya kai ga uban, ya aiko a bar masa na farkon.

Ita kuwa in Malam ya tafi azahar sai ta ɗauko wani faifan kwamfuta nata daban. A kansa ta warware abin gaba ɗaya, ƙananan sassa, kowanne da sunansa da aikinsa guda. Ta zuba masa makin bara, ta gwada da wanda malamai suka haɗa da hannu, suka zo daidai. Yana cikin jakarta, ba damar sa shi. Ba ta yi mini faɗa ba. Tana ajiye mini tuwo ta ce sannu da ƙoƙari, Baba. Da ma zagina ta yi.

Kada ki tayar da hankalinki, ina nan ina tunani, kin san kuma ba sana'ata ba ce.

Naki,
Dogara Aƙilu.

Kwarbai, Zariya.
28 ga Yuli, 1996.

Zuwa ga Hajo,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya, mu ma sai godiya. Na ji angonki ya fara murmushi. Ki ce ya yi abinsa yanzu, kafin a fara aikensa.

An gama jarrabawa, malamai suka fara kawo maki, sai Ummu ta ji Alhaji Garba yana tambayar lambar wayar mutanen Kaduna. Ta dawo ta gaya mini ba tare da ta nemi komai ba, ta shiga ɗaki.

Washegari bayan la'asar na ja Malam gefe kafin mu kai majalisa, a lungun bayan masallaci, inda ba kowa. Na ce masa wancan zuwan da na yi ban faɗi abin da ya kawo ni ba. Na ce aikinsa ya yi zamaninsa, yanzu shi ke neman raba yarinya da abincinta. Ta yi sabo, yana aiki. Ya ba ta izini ta goge nasa, kuma ya daina zuwa ofis. Na nemi wata 'yar ba'a da zan rufe da ita, ban samu ba. Ke shaida ce, wannan bai taɓa faruwa da ni ba.

Malam ya dube ni. Ya tambaya, maganarta ce ko tawa? Na ce tawa. Ya ce a goge. Daga nan ya juya gida.

Sakamako ya fita ranar Alhamis, kowane yaro da matsayi ɗaya tak. Alhaji Garba ya tabbatar mata da aikin. Ta je har gida ta durƙusa ta gaida Malam. Ya karɓe ta, ya tambayi nawa babban sashenta ya auna, ta ce bakwai. Ya ce madalla, ya sa mata albarka.

Yana zuwa majalisa kamar da, a wurinsa yake zama. Sai dai yanzu gaishe ni yake yi. Ya tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya, ya tambayi gajiya, ya tambayi ruwa. Tun muna tsallaka katangar mutane satar mangwaro mutumin nan bai taɓa yi mini gaisuwar kirki ba, daga ya kira ni ɓarawon akuya sai mai kunnen faranti. Jiya na ga ya sa wata hula da ta yi masa yawa, na ce wa ya rasu ya bar masa? Kowa ya yi dariya. Shi kuwa ya gyara ta, ya ce na gode, Malam Dogara.

Ummu na gaishe ki. In kin sa ranar dawowa ki aiko, in je tasha.

Naki,
Dogara Aƙilu.