Yau Na Kira Sunayensu Duka

Ya sanyin idona, ruwan farko bayan dogon fari, inuwar da na tarar a lokacin da na daina neman inuwa! Malamata, kyakkyawa mai dariya kamar saukar yayyafi a kan kwano, ina gaishe ki da zuciyar da yau ta fi ƙarfin ƙirjina.

Na yi, masoyiyata. Na yi! Yanzu na dawo daga kotu, ban ko cire rigar ba na ture katako gefe, na zauna kan teburin aikina ina rubuta miki. Na tsaya a gaban mutumin da ya jagoranci masu adduna zuwa layinmu shekara goma sha tara da suka wuce, na dube shi ido cikin ido, na faɗi abin da na gani ta ramin rufin da na ɓuya. Mutum goma sha ɗaya na gidanmu, ba don sun yi wa kowa laifi ba, sai don jinin da suka fito daga cikinsa. Na kira sunayensu ɗaya bayan ɗaya, daga kakata har autarmu da ba ta gama haƙora ba, kuma magatakarda ya rubuta kowanne.

Na roƙe ki kada ki zo, don ba na so kunnenki ya ɗauki wannan kaya. Kika ce to. Ashe wannan to ɗin taki tana da rassa! Da na zo kan sunan autarmu murya ta ƙi fita, sai na waiwaya wajen bencin da aka keɓe wa dangin mai shaida. Na san babu kowa, tun da safe na shirya wa ganinsa fayau. Me zan gani? Ummanki a tsakiya da mayafinta na fita unguwa. Yayanki ya rufe kemis ya zo. Ogan shagonmu da ƙurar katako a gira. Ga Gajere, abokina da muka yi gudun tsira tare, wanda tsawonsa ya hana na bayansa ganin alƙali. Ɗan sanda ya ce musu wurin na 'yan uwa ne kawai, Umma ta dube shi sama da ƙasa ta ce, "To mu mun yi maka kama da 'yan kallo ne? Ɗana ne. Matsa." Wallahi ya matsa! Ni kuwa na juya na faɗi sunan ƙanwata da ƙarfi, har na bakin ƙofa ya ji.

Wa ya shuka wannan in ba ke ba? Kin tuna ranar da na zo gyaran kujerun ajinki, kika same ni a bayan gini ina cin abinci na juya wa duniya baya? Shekaru na yi ina ci haka, don cin abinci cikin mutane yana tuna mini da kwanon da muke haɗa hannu a kai. Ba ki tambaye ni komai ba. Kika ce kawai akwai kujera a gidanku da ƙafarta ke rawa. Na je na gyara, Umma ta hana ni fita sai na ci. Mako na gaba wata kujerar ta karye, na gaba kuma ƙofar kicin. Sai da na yi wata uku ina mamakin gidan da komai ke lalacewa ranar Asabar, kafin na kama yayanki da sukundireba a hannu yana kwance ƙusar tebur. Ya ce, "Umma ce ta sa ni, kuma in ka tona ni babu ruwana." Ranar na yi dariyar da na manta ina da ita, har hawaye, har na zauna a ƙasa.

Amma na cuce ki, hasken safiyata, kuma ba zan ɓoye ba. Shekara biyu kina jira. Duk lokacin da maganar aure ta taso sai in ce ban shirya ba. Gaskiyar ita ce tsoro nake ji. Wanda aka kwashe masa gida sau ɗaya, da wace zuciya zai sake cika wani? Na ɗauka in ba ni da kowa, babu abin da za a sake ƙwace mini. Gajere ya gaji da ni ya ce, "Kai dai sun bar ka da rai, kai kuma kana ƙarasa musu aikin da kanka." Na yi fushi da shi kwana huɗu, don na san gaskiya ya faɗa.

Yau tsoron ya sake ni, kamar yadda zazzaɓi ke sakin mutum ya bar shi da gumi da yunwa. Yunwar rayuwa nake ji, ke kuma ce rayuwar! Ina son hayaniya a gidana. Ina son takalma birjik a bakin ƙofa, ina son a yi mini ɓarna a kayan aiki in yi faɗan ƙarya, ina son 'ya mai idonki da taurin kan Umma. Ranar Juma'a Oga da Gajere za su zo wajen Abbanki a madadin iyayena. Har sun soma gardamar wanda zai fara magana. Ki yafe mini jinkirin da na yi, ki karɓe ni da tabona, ya furen da ya tsiro a inda wuta ta ci.

Sun so a wayi gari babu mai amsa sunan gidanmu. Ga ni da rai, ga ki, kuma in Allah ya yarda sai sunan ya yi wa malamai yawa a rajistar makaranta.

Naki ne ni muddin ina numfashi, ba canji, ba waiwaye,

Kafintanki.