Bakin Baba Yohanna

Funtuwa, Talata, 14 ga Nuwamba, 1978

Da na sallami 'yan aji, na raka Mama Ladi da ɗanta Ishaya maɗaba'a, don su duba hoton mijinta, marigayi Baba Yohanna, da za a sa a kalandar coci. Bitrus kurma ya gama zana shi a kan dutsen bugawa, har ya buga na gwaji. Ni ne tafinta kamar kullum, da allo da alli.

Ishaya yana gani ya haɗe rai. An zana tsohon da baki a ɗan buɗe, leɓen ƙasa ya karkace.

"Malam, gaya masa ya rufe wa Baba baki. Sai ka ce mai tallan goro a kasuwar Bakori!"

Na rubuta. Bitrus ya amsa a rubuce cewa wurin ba ya gyaruwa, sai dai ya goge fuskar duka da yashi. Ya ƙara da cewa: "Ban taɓa jin muryarsa ba, bakinsa na sani. Haka yake yi in zai kira Mama."

Na karanta musu yadda ya rubuta. Mama ta daɗe tana kallon takardar.

"Kai Ishaya, yaushe ka taɓa ganin ubanka da baki a rufe? A bar mini shi haka. Ni yake kira."

Gobe za a fara bugawa.

Ban san yadda nawa bakin yake yi ba in ina kiran 'yan ajina. Bitrus ya sani. Ban tambaye shi ba tukuna.