Kujerar Sallar Inna

Inna,

Assalamu alaiki. Na san takardar nan ba za ta same ki ba. Amma ina zan kai maganar? Maƙabartar garin nan ba a barin mata su shiga, kabarinki kuma ko alama babu. To ga ta nan, ki ji.

Gida lafiya. Unguwarmu Sharafiyya tana nan yadda kika bar ta, ruwan famfo sai ranar da ya ga dama. Yaya Sani ya buɗe shagon waya na biyu a unguwar Bagdadiyya, ya yi tumbi, ya ƙara iya wa'azi. Khala Hansatu, ƙanwarki, ta dawo ɗakinki da zama. Farar kujerar robar nan da kika yi shekarunki na ƙarshe kina salla a kai, ita ta gaje ta, don gwiwoyinta sun kama hanyar naki.

Babban labarin shi ne zan tafi Indiya karatun yoga na magani, in dawo ina koyarwa. Eh, abin nan da kike kira birgimar Indiyawa. Kada ki taɓe baki, na san kin riga kin taɓe.

Kin tuna Sista Amina, 'yar Kerala ta Indiya ɗin nan da muke aiki tare a sashen gashin ƙashi a asibitin Safa? Ita ta raba ni da ciwon baya, da miƙa da numfashi kawai. Na zo miki da abin ina murna don ke ma ki gwada, kika ce mace mai jikoki ba ta kwanciya a ƙasa ta ɗaga ƙafa sama. Na ji haushinki, Inna. Ban taɓa faɗa miki ba, kuma har yau ina ji. Ga wani abin da ban faɗa ba. Wata rana bayan la'asar kin zaci na fita, na hango ki ta ƙofa kin ture kujerar, kin dafa gado kina neman kai goshinki ƙasa. Bai kai ba. Kika koma kika zauna, hawaye na zuba ba sauti. Malamai sun ce sallar zaune ta yi, ni ma na sani. To me ya sa kika yi kuka?

Watanni na yi ina zaɓen makaranta. Akwai wata a Dubai, karatun wata guda halas, an gama, a miƙa maka shahadar kammalawa mai ruwan zinare a gefe. Hotunansu duk 'yan mata ne kamar tsinke, sun kafa kai a ƙasa. Na buga waya na tambaye su yadda ake yi da tsohuwa mai jiki, wadda ta ƙarar da ƙuruciyarta a durƙushe tana goge tayil ɗin gidajen mutane. Matar da ta ɗauka ta ce irin waɗannan ba sa zuwa wajensu. Na ajiye wayar. Akwai wata a duwatsun arewacin Indiya, sun san aikinsu, amma kowace safiya sai an zauna gaban gunki an rera waƙa. Wannan ba Yaya Sani ne ya hana ni ba, ni na hana kaina. Ai ke kika raine ni.

Wadda na zaɓa a kudu take, jikin wani asibiti. Karatun da tsawo, wurin ba shi da kyan hoto, ana koyon ƙashi da jijiya, ana aiki da tsofaffi masu ciwo na gaske. Na gaya musu tun farko ba na rera komai, ba na cire ɗankwali, in lokacin salla ya yi zan tashi ko ana tsakiyar darasi. Suka ce ba ni ce ta farko ba. Da na yi wa malamarsu tambayar tsohuwar nan, ba ta yi min alkawarin komai ba. Sai ta tambaye ni wace gwiwa ce ta fi ciwo, kuma wajen sauka ne ko wajen tashi. Nan na san na zo gida.

Yaya Sani ya ce bautar rana zan je, zan jawo mana abin faɗa a cikin 'yan garinmu, kuma in na sa ƙafa a jirgi kada in dawo gidan nan. Ya ce da kina raye da ba ki yarda ba. Gaskiyarsa, da ba ki yarda ba. Da kuma na tafi, wallahi. Iƙamata, takardar zamana a ƙasar nan, ba a hannunsa take ba, likitan da nake wa aiki ne kafilina mai tsaya min a wajen hukuma, ya riga ya buga min bizar fita da dawowa. Ban ce abin ba zai yi min zafi ba. A gidan nan kika haife ni, labulensa har yanzu ƙamshin turarenki yake yi.

Khala ba ta fi ki sauƙin kai ba, amma wannan karon ban ja da baya ba. Na hana ta shayi sai ta kwanta mun yi miƙa. Muka yi ta yi a ɓoye, da matashin kai da bango, tana zagina ina lanƙwasa mata ƙafa. Juma'ar da ta wuce ta ture kujerar, ta sauka a hankali, goshinta ya taɓa darduma. Ta daɗe a wurin, Inna, har na tsorata. Tashi kuwa ya gagara. Na ja nan ta yi ƙara, na ja can ta yi ƙara, ban san yadda zan ɗaga ta ba tare da na ji mata ciwo ba. Rabin aikin kaɗai na iya. A haka Yaya Sani ya shigo ya same mu a ƙasa. Khala ta dube shi ta ce yarinyar nan ta koya mata sauka, in ya hana ta zuwa koyon tayarwa, to ya shirya rufe shago sau biyar a rana ya zo ya ɗaga ta. Ya juya ya fita. Bai janye maganarsa ba, ni ma ban janye tawa ba.

Khala za ta ci gaba da salla a kan kujerarki har in dawo. In na tarar da ƙofa a rufe, zan zauna a bakin matakala har Khala ta sauko ta buɗe min da kanta. Ranar da ta tashi daga sujada ba mai riƙe ta, zan fitar da kujerar nan baranda in ɗora mata tukunyar shukar na'a-na'a. Ke kin fi ƙarfina, Inna. Ita ba za ta fi ba.

Allah ya haskaka kabarinki, ya karɓi sujadar nan da ba ta kai ƙasa ba.

'Yarki mai taurin kai irin naki,
Rakiya